Gonar Bisa Tudu

Da Inusa ya dawo daga yaƙin ƙasar Andoshin, can gabas mai nisa inda Nasara suka kai shi soja, ya tarar wansa Sabo ya haɗe gonarsa da ke gindin tudun Ɗan Kassari.

Da Inusa ya kai ƙara gaban maigari, Sabo ya yi dariya ya ce, "Ba kai ka cika muna kunne da labarin Kawo Bang ba? Wai can mutane na sassaƙa dutse hawa-hawa su shuka shinkafa? To ga tudu nan, sojan Nasara, tahi ka noma."

Inusa ya hau tudun. Duk rani yana jera duwatsu layi bisa layi, yana cika bayansu da ƙasa, mutane suna ce masa mahaukaci.

Da damina ta faɗi, ruwan da ya saba gangarowa gonar ƙasa ya tsaya a bayan duwatsun. Geron Inusa ya yi kore shar, na Sabo ya fara ƙuna.

Sabo ya hau tudun da gudu yana huci. "Rushe wannan abu! Amshi gonarka, ni na bar ta!"

"Riƙe abinka, Yaya," in ji Inusa, ya ɗora wani dutsen.