Kankana a Cikin Kwali

Mai Kaji bai taɓa shiga jirgin sama ba, ba shi kuma da niyya. Amma 'yan tsaki ɗari biyar ɗin da ya zuba guminsa na shekara uku a kansu, ta jirgi za su zo. Ƙanensa ne zai ɗoro su daga garin da ake ƙyanƙyasarsu.

Mijin 'yarsa, ma'aikacin ofis, ya latsa waya ya miƙo masa.

"Baba, kilomita ɗari takwas ne tsakanin filin jirginsu da namu. Awa ɗaya da minti goma. Kafin shayinka ya huce sun sauka."

"Wa ya ce?"

"Ga shi a waya."

"Wayar ta taɓa kiwon kaza?"

Nan take Mai Kaji ya kira ƙanen nasa. "Ka sayi kankana biyu, ka yanka siri-siri, kowane kwali ka sa yanka huɗu a kusurwa."

"Yaya, biki za su je ne?"

"Yi abin da na ce."

Surukin ya sosa ƙeya. "Baba, dariya za a yi mana fa."

"Kai sama ka ƙirga, Malam. Ni ƙasa nake ƙirgawa. A auna kwali, a buga hatimi, a jibge shi a rana ana jiran direba. Ɗan tsako bai san kilomita ba, ƙishirwa ya sani."

Washegari tun ƙarfe tara suna kan benci a rumfar karɓar kaya, su da wasu masu kiwo biyu da su ma nasu ke cikin jirgin. Jirgin da aka ce zai tashi ƙarfe goma bai ɗaga ba sai ƙarfe biyu. A sama kam awa ɗaya da minti goma ya yi, ba ƙari. Kwalaye ba su fito ba sai bayan la'asar.

Mutanen nan biyu suka buɗe nasu, suka shiga tsame matattu suna jerawa a kan siminti. Mai Kaji ya ɗaga murfin kwalinsa na farko. Kukan 'yan tsaki ne ya fara tarbarsa, tsiyau-tsiyau har kunne na ƙaiƙayi. Sun cinye kankanar tas, sai ɓawo, bakunansu duk ja. A kwali biyar, 'yan tsaki uku kacal suka mutu.

Ɗaya daga cikin mutanen ya dubi surukin, da yake shi ne mai tabarau da biro a aljihu.

"Ranka ya daɗe, wane likitan dabbobi ya ba ku wannan dabara?"

Surukin ya nuna Mai Kaji da hannu biyu. "Ga likitan nan. Baban matata ne."

Mai Kaji bai ko ɗago ba, yana ta ɗaure kwalaye a bayan mota.

"Malam, tambayi wayar taka, daga nan zuwa gida minti nawa ne?"

"Ashirin, Baba."

"To je ka sayo wata kankanar."