Kilo Uku a Cikin Rairayi

Shekara goma sha tara Sidi yana tuƙa kat-kat, motar shiga daji ta wata ƙungiya mai rigakafin dabbobi a Tawa, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa shiga rairayi da taya cike ba. A kwalta iskar kilo biyu da rabi yake ba kowace taya, in da kaya ya ɗan ƙara. Da ya hango rairayi sai ya tsaya, ya sa tsinke a bakin kowace taya ya sauke ta zuwa kilo ɗaya da rabi, har ta baje kamar tafin raƙumi. In ya fita ya sake bugawa da famfo.

Bana aka kawo sabon shef, wato shugaban aiki, Sulemanu, matashi mai takardu, aka kuma sa wa motar sababbin tayoyi masu manyan haƙora. Ranar tafiya suka ɗora akwatunan allura da ƙanƙara. Za su wata rijiya arewa da Takanamat, inda Rissa, dattijon makiyaya, ya tara garkuna goma sha ɗaya saboda ciwon huhu da ya ɓulla. Rissa bai san ƙungiya ba, bai san takarda ba. Amma ya san Sidi, Sidi ne kuma ya ce masa a waya: "Ka riƙe su har azahar, ina tahe." In azahar ta wuce, shanun za su watse neman ciyawa.

A wurin mai faci Sulemanu ya sa aka buga kilo uku.

"Shef, wannan ta yi tauri, in mun kai rairayi sai mun rage," in ji Sidi.

Sulemanu ya yi dariya a gaban mai faci da masu shan shayi. "Baba Sidi, wannan tayar ko'ina ce, karanta jikinta. Au, na manta, ba ka karatu. Rage iskan nan naku na da shi ke kashe muna tayoyi."

Masu shayi suka ƙyalƙyace. Sidi ya shiga mota.

Da suka bar Takanamat jar hanya ta ƙare, rairayi ya miƙe fari fat. Nan ne wurin da Sidi ya saba tsayawa, gindin wata aduwa. Ƙafarsa ma ta kai kan birki. Tsinken na cikin aljihunsa. Minti goma ya ishe shi, kuma ya san da zai buɗe baki ya ce, "Shef, wallahi ba mu wucewa," yaron zai yi gunaguni ya ƙyale shi. Amma dariyar nan tana cinsa. Ya ce a ransa, bari mai karatu ya karanta rairayi. Su ɗan nutse, ya ga yaron yana haƙa da hannu, sannan ya fid da su.

Ya taka mai.

Ba ɗan nutsewa suka yi ba. A hawa na biyu tayoyin suka haƙa kamar galma, Sulemanu yana ihu, "Ƙara wuta! Ƙara!" Sidi ya ƙara, da gangan. Kafin ya ɗaga ƙafa, cikin motar ya zauna daram a kan yashi, tayoyin suna juyawa a banza.

"To, Baba, a rage iskan," in ji Sulemanu, murya ta yi sanyi.

"Yanzu? Rage wa wa? Ba su taɓa ƙasa."

Sidi ya samu abin da ya nema. Ya ga shef durƙushe, riga jiƙe da gumi, yana yasar yashi da farantin abinci. Daɗin bai kai rabin awa ba. Shi ma ya durƙusa. Suka ɗaga motar da jak, suka cusa rassa, jak ya nutse, suka sake. Rana ta take tsaka, ta karkata. Da Sulemanu ya buɗe akwati, ruwa mai ɗumi ya tarar, kwalaben suna iyo a ciki.

Bayan la'asar suka isa, a kan kilo ɗaya da rabi, motar tana tafiya lafiya lau kamar tana yi musu ba'a. Babu komai bakin rijiya sai kashin shanu da sawu. Rissa kaɗai ke zaune a kan tabarma, ya ja rawani har hanci.

Sulemanu ya fito da sauri. "Baba, laifina ne. Ni na hana a rage iska."

Rissa bai ko dube shi ba. Sai ya dubi Sidi.

"Wannan yaro ne, jiya ya zo. Kai fa? Hanyar ta canza?"

"Ba ta canza ba."

"Aduwar ta faɗi?"

"Tana nan."

Rissa ya miƙe, ya naɗe tabarmarsa. Butar shayi na kan garwashi, ya juye ta a ƙasa.

Kafin damina ta sauka, shanu sittin da wani abu suka mutu a garkunan nan, tara na Rissa. A ofis aka rubuta cewa mota ce ta maƙale, ba wanda aka tuhuma. Sulemanu ya sayi ma'aunin iska, yanzu shi ke fara cewa a tsaya gindin aduwa. Sidi yana nan da aikinsa. Ya kira lambar Rissa sau bakwai. Tana shiga, ba a ɗauka.