Ciwon Bayan Ketut

Ketut ya dafe ƙugu a ƙofar kasuwar Badung, ya saki nishin da ya kwana uku yana gwadawa a banɗaki. Matarsa Sriasih ta kalle shi ta wutsiyar ido, ta ɗora ledar kifi bisa kwandon da ke kanta.

"Bar kayan, Baban Ayu, kar bayan ya ɓalle mana a titi."

Gobe surukinsa, mahaifin Sriasih, zai yanki shinkafa a ƙauye, shi kuwa Ketut gara a kira shi gurgu da ya yini duƙe cikin taɓo.

'Yarsu Ayu ce ta kafe sai an tsaya dandali kallon joged, rawar da mai yin ta ke zaɓo namiji cikin 'yan kallo. Wanda ta taɓa da mafici dole ya fito, ƙi kuwa abin kunya ne. Ketut ya zauna can baya, ya laɓe da kwandon.

Kiɗan gora ya tashi, ƙafarsa ta soma motsi ba da izininsa ba. A samartakarsa babu dandalin da bai tayar wa ƙura ba, kuma mai hali ba ya fasa halinsa. Mai rawar ta hango ƙafar. Ta ratsa layi uku, mafici ya sauka a kafaɗarsa.

"Ba ni da lafiya," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Baba, kowa fa kai yake kallo," in ji Ayu.

Ya fita yana ɗingishi, da niyyar taku biyu. Mai rawar ta ɗaura masa gyale a ƙugu, biyu suka zama hamsin. Ya karkace, ya lanƙwashe har kafaɗa ta kusa shafar ƙasa, ya miƙe tsam. Dandali ya ɗauki tafi. Rabonsa da jin daɗi irin wannan har ya manta.

Ya dawo yana haki, sannan ya tuna ya dafe ƙugu. Sriasih ta juyo masa da wayar da ta saita wa dandalin tun fitarsa. Kiran bidiyo ne, fuskar surukinsa ce ta cika ta, yana share hawaye.

"Jiya na kai hadaya haikali saboda bayanka, ɗana, ga shi an karɓa," in ji tsohon. "Ka zo da asuba. Babbar gonar gangare na ware maka."