Makullin Kabad ɗin Baban Auta

Maganin yana cikin kabad, kabad ɗin a kulle, makullin kuwa kullum yana aljihun Baban Auta tare da notuna da guntun tsumma, in ya tafi gareji ya tafi da shi. Abin da ke cin ran Umma ke nan tun da aka sallamo su daga asibiti.

Shekarar Auta tara. Cutar daji ta kama mata ƙashin cinya, ta kuma bazu. Likitoci ba su ɓoye ba: warkewa sai wani ikon Allah, amma zafin ciwo ana iya kwantar da shi. Asibitin ya buɗe sabon sashe saboda yara irinta, ma'aikatansa na bin su har gida. Su suka ba da ruwan mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, a 'yar kwalba, da sirinji marar allura, a ɗiga mata a baki duk bayan awa huɗu, ko ta yi kuka ko ba ta yi ba.

Da Baban Auta ya ji sunan maganin sai fuskarsa ta canza. Yana da ƙane da shan kwalaben maganin tari ya mayar da shi mai kwana a bakin kwata. "Ba za a yi na biyu a gidana ba," ya ce, ya kafa doka: in ta yi kuka a ba ta. Duk yamma kuma sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, ba ya shiga saboda baƙin man da ke jikinsa, ya ce, "Ina jarumata? Da ciwo?" Ita kuwa ta ce babu.

Ranar da Sista, ma'aikaciyar jinyar sashen, za ta zo, Umma ta ja ƙafa da gangan wajen dafa shayi har Sistar ta same shi a gida. Sista ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta saitin taga.

"Maigida, ajiya muka ba ka ko magani? Ko daga wuyan kwalbar bai sauka ba."

"Ai ba ta nema ba."

"Ba a jira ta nema. Kai makanike ne, jira kake inji ya buga kafin ka zuba masa mai?"

"Inji daban, 'yata daban. In ta saba fa?"

Umma ta ji maganar ta taso mata har maƙogwaro: ta saba zuwa yaushe? Ta haɗiye, don yarinyar na ji.

Sista ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ta ce awon daidai da nauyin yarinyar aka yi shi, ta ce mai shan magani don ciwo daban yake da mai sha don maye. Shi dai yana ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama shawara. Can ya leƙa ɗakin.

"Jarumata, faɗa wa Sista. Da ciwo?"

Auta na kwance ta fuskanci bango, gashinta ya cukurkuɗe don ko mataji ba ta iya jurewa. "Babu, Baba."

"Kin ji ko?" Ya mayar da kwalbar, ya murɗa makulli, ya tayar da babur.

"Sista, ba ni wata kwalbar in ɓoye," in ji Umma a ƙofar gida.

"Wallahi ba hali, Maman Auta. Wannan magani ba a fitar da sabo sai tsohon ya ƙare. Zan dawo da likita ya yi masa magana."

"Yaushe?"

"Motarmu ɗaya ce, yaran kuma da yawa."

Umma ta koma ciki tana huci. Ta ɗauraye kofunan da ƙarfin da har ɗaya ya tsage. Ta shiga ɗakin don ta canza rigar filo, ta tarar gefenta ya jiƙe, haƙora sun huda shi. Auta ta juyo da idanu jajur.

"Umma, Baba ya yi nisa?"

"Ya yi."

"To zan iya yi yanzu?"

Kukan ba mai ƙara ba ne. Wani siririn nishi ne da ke fita ta tsakanin haƙora, kamar mai tsoron kada maƙwabta su kai labari gareji. Umma ta tsaya da rigar filon a hannu. Sannan ta durƙusa ta jawo akwatin kayan aikin Baban Auta daga ƙarƙashin gado.

Ba a banza ta daɗe da auren makanike ba. Ba ta taɓa kwaɗon da aka kulle kabad ɗin da shi ba. Ta ɗauki sukundireba ta bi ta baya, ta kwance hinjin da ke riƙe ƙofar ta sama, ta kwance na ƙasa, ƙofar ta faɗo mata a kafaɗa. Ta ja maganin daidai layin da Sista ta nuna mata, ta ɗiga a gefen bakin yarinyar. Da lokaci ya sake cika ta ƙara.

Da yamma Baban Auta ya shigo ya tarar da ƙofar kabad tana reto a jikin kwaɗonta, kwaɗon kuma a kulle ram. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya hango Auta zaune a kan tabarma an tokare ta da filo, Umma na taje mata kai, ita kuwa yarinyar tana ƙorafin wai an karkata mata tsaga.

Ya tsaya inda ya saba tsayawa. "Jarumata... da ciwo?"

"Yanzu kam ya tafi, Baba." Ta ɗan sunkuyar da kai. "Da ma kullum akwai. Ba na so ka daina ce min jaruma ne."

Ya sa hannu a aljihu, ya fito da makullin, ya dube shi, ya mayar.

"Ina sukurorin ƙofar?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Suna inda suke," in ji Umma, ba ta ko ɗago ba. "Lokacin na gaba ya kusa. Je ka wanke wannan baƙin man, kai za ka ba ta."

Ya fita tsakar gida. Umma ta ci gaba da tajewa, kunnenta na waje, tana jiran ta ji ko babur zai tashi. Sai ta ji ƙarar famfo, da gogar sabulu, an daɗe ana yi.