Dalmar Da Delbert Ya Samo A Filin Gwangwan

Shekarar da mijina Delbert ya ajiye tuƙin tirela, zaman gida ya kusa haukata shi. Ya gyara duk abin da ya lalace, ya koma yana kwance waɗanda ba su lalace ba. Yayana Hoyt ne ya kawo mana ɗauki. Shi tun yana saurayi yake zuba harsasan libarbarsa da hannunsa, kamar maza da yawa a nan yammacin Oklahoma. Duk Asabar su je filin harbi su huda takardu, su dawo suna cika baki.

Wata safiya ya zo da tsohuwar tukunyar lantarki, da ludayin ƙarfe, da ƙarfen zubi mai ramuka biyu, ya jibge su a garejinmu.

"Ga abin da zai hana ka kashe mini ƙanwa da surutu," in ji shi.

"Ƙanwar taka kurma ce da gangan, kada ka ji tausayinta," Del ya ce, idonsa na kan tukunyar.

Hoyt bai yi wasa da dokokin aikin ba. Ƙofar gareji a buɗe take zama. Ko ɗigon ruwa kada ya faɗa cikin narkakkiyar dalma, don za ta tashi ta wanke wa mutum fuska. Ba ci, ba sha, ba taba sigari sai an wanke hannu. Del ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan makaranta.

Harsasan farko duk a yamutse suka fito. Hoyt ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan ai hoton wuyanka ne, tsoho." Amma da ƙarfen zubin ya ɗau zafi, sai suka fara faɗowa sumul suna ƙyalli. Daga nan Hoyt ya koya masa yi wa harsasan fenti. A zuba su cikin robar man shanu tare da garin fenti, a rufe a girgiza har garin ya manne, a jera a faranti a gasa. Na rantse ba mai gasa mini dalma inda nake gasa burodi, dole Del ya sayo wani ɗan tsohon obin a gwanjon cocinmu. Kafin bazara ta wuce, kwalaben harsasai sun cika kanta, ja da kore da shuɗi, kamar alewar yara.

Sai dalmar da Hoyt ya ba shi ta ƙare. Del ya shiga yawon shagunan taya da filayen gwangwan yana neman tsohuwar dalma. Wata Talata ya dawo daga filin Royce Tackett, bayan motar ya ɗan zauna ƙasa saboda nauyi. Abin da ya ɗauko wani abu ne kamar ƙaramar tukunyar gas, an shafe shi da fenti toka-toka mai kauri. Sai da maƙwabcinmu ya kama masa suka sauke shi.

"Mene ne wannan kuma?" na ce.

"Wa ya sani? Kayan 'yan haƙar mai ne. Royce ya ce cikinsa dalma ce zalla. Nadine, wannan zai kai ni har kabari."

A gefen abin akwai wani ɗan faranti da aka ɗaure da kusoshi. Inda fentin ya ɓare, ƙasan rawaya ne. Na gani, na koma kan wankina.

Yinin ranar ya yi yana yanka abin da injin yankan ƙarfe. Da la'asar ya shigo kicin yana murna, ya ce bai taɓa ganin dalma mai laushi da tsabta irin wannan ba. Ya zaro wani ɗan ƙarfe daga aljihun rigarsa, bai fi ƙwayar wake ba, fari fat yana sheƙi.

"A tsakiyarta na same shi. Dubi aiki, ko tabo babu."

Ya juya shi a yatsunsa, ya mayar aljihu, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kamar yadda aka koya masa. Muna cikin cin wake da burodin masara ya ture kujera ya ruga bayi. Ya yi amai har ba abin da ya rage.

Na kira Hoyt ina faɗa. "Ka ga abin da dalmarka ta jawo?"

"Ya narka ta ne?"

"A'a, yankawa kawai ya yi."

"To ba ita ba ce. Ki binciki wakenki."

Washegari Del ya tashi garau, muka yi dariya, maganar ta wuce. Na kwashe kayansa zan wanke, na zazzage aljihuna kamar kullum. Ɗan ƙarfen nan na jefa shi cikin kwanon da ke kan durowar gefen gadonmu, inda makullai da maɓallai suke taruwa.

Sati bai cika ba yatsunsa uku na dama suka yi ja suka kumbura, kamar wanda ya dafa murhu. Sannan wani jan tabo ya fito masa a ƙirji ta hagu, faɗin tafin hannu. Likitar garinmu ta ce yana iya zama cizon gizo-gizo, ta ba shi magani, ta ɗebi jini don ta auna dalma, tun da mun gaya mata sana'arsa. Dalmar jininsa ba ta wuce ƙa'ida ba. Tabon kuwa ya yi bororo, ya fashe, tsakiyarsa ta fara baƙi. Del da ba ya kuka da ciwo, sai ga shi yana cizon tawul.

Ni ma na fara jin wata irin kasala. In na goge haƙora sai in ga jini. Ban gaya masa ba.

Likitar ta sake kiranmu, ta ɗebi jininmu mu biyun. Da ta bugo waya muryarta ta canza. Ta tambayi inda Del ya yi aiki, da abin da ya taɓa, da inda ya samo shi. Da na ambaci kayan 'yan haƙar mai, sai ta katse ni.

"Misis Stovall, kada kowa ya shiga garejin nan. Zan kira wasu mutane."

Da hantsi suka iso, cikin farar mota. Ina tsakar gida ina shanya, Del na zaune a baranda. Wata mata ta fito, ta ce sunanta Misis Ybarra, daga hukumar jiha. A hannunta akwai wata 'yar na'ura mai ƙara ƙas, ƙas, jefi-jefi. Ta nufi gareji, ƙarar ta ɗan ƙaru. Abokin aikinta ya kankare fentin farantin nan da wuƙa. Ƙarƙashi akwai baƙar alama mai kama da fanka, fikafikai uku. Suka dubi juna.

Sai ta juyo wajen gidan. Tana matsowa ƙarar na haɗuwa, har ta koma kamar ruwa ya faɗa cikin mai mai zafi. Ta tsaya cak, ta ja da baya.

"Misis Stovall, ajiye kwandon ki taho nan. Mista Stovall, kai ma. Kada ku ɗauki komai."

"Gidana ne fa," in ji Del.

"Na sani, yallaɓai. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikin abin da ka yanka. Yana ina?"

Del ya shafa aljihunsa, ya dube ni. Na gaya mata.

"Wane ne ke kwana ta gefen durowar?"

"Ni ce," na ce.

A bakin titi ta yi mana bayani. Na'ura ce da ake ɗaura wa bututun mai don auna abin da ke gudu a ciki, ɗan ƙarfen nan kuma sinadarin nukiliya ne a cikinsa. Duk dalmar nan an zuba ta ne don ta tsare mutane daga gare shi. Wasu maza suka shiga da dogon awartaki suka fito da ɗan ƙarfen. Allah ya sa injin Del bai huda shi ba, da gidan ma mun rasa. Daga baya aka gano wani ne ya kwashe kayan wani kamfani da ya rufe, ya sayar wa Royce a kan kilo.

Aka wuce da mu babban asibiti a birni. Del ya rasa yatsu biyu, aka yanko fata daga cinyarsa aka liƙa masa a ƙirji, sau biyu tana ƙin kamawa. Hoyt yakan zo ya zauna bakin gado yana murza hularsa, har ran nan Del ya ce masa, "Kai, daina kallona kamar gawa, ba kai ka aike ni wurin Royce ba."

Jinina ya farfaɗo a hankali. Likitoci sun ce abin da zai biyo baya yana iya ɗaukar shekaru, yana kuma iya ƙin zuwa sam, ba wanda zai iya cewa. Muna komawa gwaji lokaci-lokaci. Kowace safiya in na miƙa wa Del kofi, sai ya kama hannuna da na hagunsa kamar mai wasa, ya ture hannun rigar sama, yana duba ko wani tabo ya fito. Ina sane, nakan bar shi ya gama.