Fili a Ƙanƙara

Malam Rabo ya kwance bakin tsumma ya zazzage dawa a teburin Yahuza mai cajin waya, tsakanin wayoyin mutane.

"Ga irin nan," in ji shi. "Ƙaura ce, tun ta kakana. A duba mani hilina."

Yahuza ya dubi dawar, ya dubi dattijon, bai gane inda maganar ta dosa ba.

Rabo ba ɗan nan Faskari ba ne. Bara da kaka 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a yankin Sabuwa, bayan sun harbe ɗansa Ɗanliti a gona. Ya kwaso matarsa Suwaibatu da marayun jikoki suka raɓe a wani kango. Abin da ya tsira da shi rabin buhun irin dawa ne, kuma duk yunwar rani ya hana a taɓa shi. Yanzu ruwa ya sauka, masu gona a bakin gari sun yi shuka, shi kuwa ko inda zai sari rami ɗaya ba shi da shi. Tsaba ta ƙare a gida. Suwaibatu ta fara kallon buhun.

Jiya da ya zo karɓar 'yar wayarsa ya ji Yahuza yana yi wa abokinsa bayani, kawunansu a haɗe kan waya. Ka sa iri, ka ga filin tun kafin ka shiga. Kyauta ne, ba mai shi. Wannan kuwa duk ƙanƙara ce. Iri, fili, Ƙanƙara, ga shi dama an daɗe ana raɗe-raɗin za a raba wa 'yan gudun hijira gonaki. Rabo bai tsaya tambaya ba. Ya tafi gida da sassarfa ya ce a ɗaure kaya.

"Wanda ka nuna ma abokinka jiya," in ji Rabo yanzu. "Na cikin waya."

Yahuza ya yi dariya, a zatonsa tsoho ya zo kallo ne. Shi ma tun da ya gama makaranta bai sami aiki ba, yini yake yana zaɓen duniyoyi a wani shafin intanet. Ya rubuta wasu lambobi, taswira ta fito.

Rabo ya matso da fuska. "Jigawa ce wagga. Dawa ba ta son rairayi haka. Canza."

Aka canza. Duwatsu suka yi yawa. Aka sake, daji ya yi duhu, shi kuwa ya gama da daji har abada. Wallahi ka ce mai kuɗi ne ya shiga kantin yadi, mutumin da tun jiya ruwa kawai ya shiga cikinsa. Can sai ga wata ta fito, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa koriya, rafi ya ratsa ta, ga fadama a gefe.

"Tsaya nan!" Ya ɗora yatsa a kan gilashin. "Dawa nan bisa, shinkafa nan ƙasa. Da rani a yi albasa. Alhamdulillahi. To ɗana, in mun sauka tashar Ƙanƙara, gabas za mu yi ko yamma? Wane ne mai unguwar wurin?"

Dariyar Yahuza ta ɗauke. Ya sake duban dawar da ke teburin, sai yanzu ya gane.

"Baba," ya ce a hankali, "wasa ne."

"Wasa kake mani?"

"A'a, wasan waya ne. Irin da nike faɗi lamba ce. Masu wasan suka sa mata suna iri, don in ka rubuta ta duniya guda ke tsirowa. Shafin ga yana nuna maka taswirarta ne kafin ka zaɓa. Ƙanƙarar da ka ji kau ta sanyi ce, irin ta firij. Ba garin ba."

"To rafin ga?"

"Babu shi, Baba."

"Fadamar hwa?"

Yahuza ya girgiza kai. Da ma zaginsa dattijon ya yi, da ya fi masa sauƙi. Rabo ya nemi benci ya zauna. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, har ya rasa wanne ya fi ciwo.

Can sai ya ce, "Shiga da ni in gani."

Yahuza ya buɗe wasan da lambar nan. Ciyawa har gwiwa, shanu suna kiwo ba makiyayi, ruwa na gudu. Ya sari ƙasa ya yi shuka, nan da nan ta tsiro. Rabo ya san ƙarya ce, amma idonsa ya ƙi barin wurin.

"Ba a neman izinin kowa kafin a shiga gona?"

"Ba a nema."

Sai ranar cikin wayar ta fara faɗuwa. Yahuza ya juya da gudu a cikin wasan yana neman wurin ɓuya.

"Mi ya kore ka?"

"In duhu ya yi wasu na hitowa su kashe mutum."

"Can ma?"

"Can ma. Amma ba komi, Baba. In an kashe ka tashi kake, ka ci gaba da nomanka."

Rabo ya gyaɗa kai. "Ɗanliti bai tashi ba," ya ce.

Ya tattara dawarsa ƙwaya-ƙwaya, har wadda ta shige ƙarƙashin wayoyi, ya ƙulle. Yahuza yana ta ba shi haƙuri, Rabo ya ce babu laifin kowa.

A gida ya tarar da Suwaibatu zaune kan ƙullin kaya, jikoki an wanke musu ƙafa. Ta mayar da tukunyar aro, ta bi maƙwabta ta yi sallama.

"Malam, an ba mu?"

"Kwance kayan. Ki aro turmi."

Ta dube shi. Shi da kansa ya jawo buhun tsakar gida ya warware igiyar. Ta tsuguna da kwano a hannu, ta kasa sa shi ciki.

"A rage na shuka?"

"Ɗebi yadda zai ishe su."

Amatullah, ƙaramar jikar, ta leƙa kwanon, ta kwasa da gudu tana kiran 'yan'uwanta da murna, wai su zo yau za a ci tuwo.