Maƙalar Dakta Osman

A shekarar 2006 Ikilima, 'yar Gusau, tana karatun Larabci a wata jami'a a Doha. Ɗakinsu ɗaya da wata 'yar ƙasar Sin mai suna Shuwen. Da Larabcin aji suke hira, in ya gagara su haɗa da hannu.

Wata rana malaminsu Dakta Osman, wani dattijo ɗan Sudan, ya raba musu maƙalar da shi kansa ya rubuta a kan karin magana. Ya ce kowa ya je ya yi mata nazarin ƙwaƙwaf, ya zo da rauninta.

Tun daga nan Shuwen ta daina walwala. Ikilima ta zaci zazzaɓi ne, har ta dafa mata shayi da citta. Sai da ta matsa mata da tambaya sannan Shuwen ta buɗe baki.

"A yarenmu, sunan wannan aikin ɗaya ne da tsayar da mutum a yi masa tonon silili. Kakana malamin makaranta ne. Ɗalibansa sun yi masa haka a bainar jama'a, bai sake shiga aji ba. Ba zan yi wa Dakta ba."

 Ikilima ma ba ta taso tana gyara wa malami zance ba.

"To, kin ga wani abu a ciki?"

"Na gani. Ya ce wata karin magana daga bakin masunta ta fito, amma bai faɗi inda ya ji ba."

"Kar ki ce ya yi kuskure. Tambaya kawai za ki yi, ina gefenki."

Ranar darasi Shuwen ta miƙe ta yi tambayar. Dakta ya cire tabarau ya ƙura mata ido.

"Madalla!" ya ce. "Wani tsoho ne ya faɗa mini a Wakra, garin masunta da ke nan kusa. Bakin mutum ɗaya ya isa hujja?"

"Bai isa ba, Dakta," in ji Shuwen a hankali.

"Ni kuwa na ce ya isa. Zo ki kayar da ni."

Suka yi ta ja, yana dariya, 'yan aji na sa baki, har direban motar ɗalibai ya fara danna hon yana kiran "Yalla!", wato a zo a tafi.

A mota Shuwen ta jingina da kafaɗar Ikilima, ta sauke ajiyar zuciya.

"Bai ji haushi ba ko?"

"Haushi? Ai da ƙyar ya bari muka fito."